Layin da Muka Auna da Makara

Yau ma ban samu mai ba. Tun safe nake bin layi a gidan man da ke bakin hanyar Potiskum, na kishingiɗa a kan babur, na rufe fuska da hula, rana tana gasa tankin har yana ƙona min cinya. Can da la'asar yaron gidan man ya fito ya ce kowa ya kama gabansa, tanka ba ta iso ba. Muka ja tsaki, mu 'yan acaɓa, muka kama turin babura kamar masu kai awaki kasuwa. Da na shigo layinmu inuwar maina ta lulluɓe ni, sai ga wata iska daga gabas ɗauke da ƙanshin ƙasar da ruwa ya taɓa a wani gari can nesa. Na kasa gaba. Na kafe babur a gindin bishiyar da ke kan kwanar layin, na zauna. Zafin nan da ƙanshin nan su suka mayar da ni bazarar da azumi ya faɗo cikinta, shekarar da muka auna wannan layin.

Lokacin ba layi, ba maina, ba komai. Fili ne fetal a bayan Azare ta hanyar Katagum, tsohuwar gonar gero da ta gaji da haihuwa, sai kututturan kara da tsamiya guda ɗaya a bakinsa.

Ni kuwa na bar makaranta tun ina aji biyu na sakandare. Ba korata aka yi ba, zama ne ba na iyawa. Na yi faci, na yi karen mota zuwa Giade, na yi tallan rake, kowanne kafin wata ya mutu na gaji da shi. Inna takan ce, "Kai wannan, ƙafarka ƙaiƙayi take yi." Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kama sunana. "Kai wannan" shi ne sunana a bakinta.

Muna haya ne a cikin gari, a ƙarshen wani lungu mai lanƙwasa kamar hanji. A daminar da ta gabaci wannan bazarar Allah ya yi wa babanmu rasuwa. Aka kawo makara daga masallaci, ta shigo lungun da ƙyar, amma da aka ɗora shi aka zo fita, sai ta ƙi juyawa a kwana. Aka yi gaba, aka yi baya, kafaɗun mutane suna gogar bango. Daga ƙarshe wani ya ɗaga murya ya ce, "Ku karkata shi! Ku karkata shi!" Haka aka fitar da babana a karkace, kamar ana fitar da gado. Inna tana cikin ɗaki, amma ta ji. Ba ta taɓa yin zancen ba. Sai dai wani lokaci tana tankaɗe sai in ga hannunta ya tsaya, idonta yana kan bangon lungun.

Ana gab da azumi Alhaji mai gidan ya aiko cewa zai aurar da ɗansa, yana son ɗakunan bayan sallah. Bai yi mana wulaƙanci ba, gidansa ne. Amma ina za mu? A daidai lokacin ƙaramar hukuma ta yanka filaye a tsohuwar gonar nan don masu ƙaramin ƙarfi, mai unguwa ya shige wa Inna gaba har ta samu ɗaya, na kan kwana. Saura gini. Kuma ka san ginin ƙasa, tsere ne tsakaninka da hadari. In ruwan fari ya riske ka ba rufi, tubalinka ya koma inda ya fito.

Shekarar ba ta da sauƙi. Komai ya yi tsada, gero ya ɓuya. Kunun buɗa bakinmu tsararo ne, kana iya hango gindin kwano. Tuwon sahur rabinsa dusa. Rijiya ta yi ƙasa, in ka zura guga sai ka ji kamar ba zai taɓa isa ba, ya fito da rabin ruwa rabin laka. Muna idar da asuba za mu fita kududdufin da ya ƙafe, mu haƙi ƙasa, mu zuba ruwa da busasshiyar ciyawa, mu shiga da ƙafa muna cuɗawa. Sanyin lakar nan a tsakanin yatsu shi ne duk ruwan da za mu sha har magariba. Mu dunƙula tubali, mu jera a rana. Kafin hantsi leɓe ya tsage, miyau ya yi kauri. In rana ta take, filin sai ya kama rawa, kawalwalniya ta kwanta a kansa kamar tafki. Ni dai ina kwance a gindin tsamiya, yunwa tana lilo da ni, sai in riƙa ganin gidaje suna iyo a cikin ruwan ƙaryar nan, da ƙofofi, da hayaƙin girki, har da shagona.

Don ina da shago a raina. A kusurwar filin Inna, daidai kwana, na riga na zana shi da ƙafa a ƙasa. Ƙofa waje, in riƙa gyaran keke da rana, in kwana a ciki, in tara abokai. Tubalinsa ma daban na jera. Na ce wa kaina in na samu wannan, wataƙila ƙafata ta daina ƙaiƙayi.

Mai awon filayen wani ma'aikacin safiyo ne, Malam Bitrus, mutumin kudancin Bauchi, dogo, mai tsohon keke da tef ɗin awo a aljihu. Shi ma haya yake yi, shi ma ya samu fili a can ƙarshen layi. Wata la'asar ya sa mai unguwa ya tara mu a gindin tsamiya, maza a gaba, mata daga baya. Ya shimfiɗa taswira a ƙasa, ya danne da duwatsu.

"Jama'a, an ce in nuna muku kafin a fara gini," in ji shi. "Ga babban titin mota can gefe, wata rana za a sa masa kwalta. Tsakanin gidaje kuma lunguna ne, an matse su don filin ya ishi kowa. To ku ne za ku zauna, ni ma haka. Me kuka gani?"

Muka dubi juna. Ba mu saba a tambaye mu ba.

Wani mai ga-ruwa ne ya fara. "Malam, titin motar nan na wa ne? Duk nan wa ke da mota? Ni dai kurata nake ji. Za ta shiga lungun?"

"Da ƙyar," in ji Malam Bitrus.

Sai Baffa Buba ya yi gyaran murya. Bafulatani ne daga rugar da ke bayan filin, yana da amalanken shanu, shi ke kawo mana ruwa a duro. Ya ce, "Ni bijimaina ba su iya tafiya a rakuɓe ba. In ba hanya, kowa ya ɗauko itacensa da ka."

Wani malamin firamare ya ce yana son inda yara za su bi zuwa makaranta ba tare da sun hau titin mota ba. Wata tsohuwa ta ce a bar wurin bishiya, ita ta gaji da tafiya injin niƙa a cikin rana. Wani kuma ya tashi da faɗa, ya ce in aka faɗaɗa hanya ai cikin filinsa za a ci, shi da ke da 'ya'ya kamar fara. Magana ta kaure. Kowa na cewa a faɗaɗa, amma ba wanda ya san iya ina, kuma kowa na so a ci ta wajen maƙwabcinsa.

Sai na ji muryar Inna daga bayan mata. Wallahi sai da na waiga, don ban taɓa jin ta yi magana a taro ba.

"A ɗauko makara," ta ce.

Mai unguwa ya ce, "Subhanallahi! Hajiya, wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Amma duk wanda ke nan zai hau ta. A ɗauko ta, mutum huɗu su ɗauka, amalanken Buba ya jera da ita. Inda suka wuce ba wanda ya gogi wani, nan ne faɗin hanya. Baban yaran nan a karkace ya bar gidansa. Ni ba za a karkata ni ba."

Mutane suka sunkuyar da kai. Wanda ke faɗan filinsa ma ya zauna.

Baffa Buba ne ya warware mu. Inna Babarbariya ce ta wajen uwa, daga Katagum, ka kuwa san wasan da ke tsakaninsu da Fulani. Ya ce, "Kai jama'a! Yau baiwata ta yi hankali. Ashe Barebari ma suna tunani in suna azumi."

Ta ce, "Rufe mana baki, bawan banza. Je ka ɗauro shanun ubangidanka."

Aka fashe da dariya. Liman ya ce makara ba abin wasa ba ce, sannan ya ce to, ai wannan ma ba wasa ba ne, tuna lahira ne.

Washegari da hantsi muka yi abin da har yau in na tuna sai in ga kamar mafarki na yi. Makara ba kowa a ciki, ni a gaba ta dama, muna tafe a fili wanda ba gida ko ɗaya. A gefenmu bijiman Baffa Buba suna jan amalanke, ƙafarsa tana kuka. Bayanmu mai ga-ruwa da kurarsa, malamin firamare a kan keke yana kewaya mu, sai jama'a, shiru, kamar da gaske jana'iza ce. Malam Bitrus yana biye, yana tuge fegi yana sake kafawa, ya ƙara ɗan wuri kowane gefe don bishiya. Makarar ba ta da nauyi, amma kafaɗata ta yi tsami. Zafi yana tasowa daga ƙasa, komai yana rawa, har na ji kamar ba taka ƙasa muke yi ba. Muna wucewa mutane suna cewa, "Nan ƙofata," "Nan zaurena," suna nuna iska. Kowa ya ga an ci nasa, kowa kuma ya ga an ci na maƙwabcinsa, sai faɗa ya mutu.

Da muka iso kwana, filin Inna, muka juya. Makara doguwa ce, tana son wuri. Ƙafata ta taka tsakiyar shagon da na zana. Malam Bitrus ya zo ya kafa fegi a daidai inda na yi niyyar sa gadona.

Na sauke makarar na ce, "Haba Malam! Nan fa shagona ne."

Ya dube ni, ya dubi Inna. "Mama, kwanar nan ta fi cin naku. In kina so a ɗan rage."

"Inna, ki ce a rage," na ce. "Kowa ɗan kaɗan aka ci masa, mu kuma ɗaki guda."

Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Kai wannan, ai kai ne a gaba ran da aka fitar da babanka. Kai ka san yadda ya yi a kafaɗarka." Sannan ta ce wa Malam Bitrus, "Buga fegin, ɗan nan."

Ya buga. Na yi fushi ranar, ko buɗa baki ban yi a gida ba.

To sai aka shiga jira. Dole Malam Bitrus ya mayar da zanen ofis a sa hannu, kuma ya roƙe mu kada kowa ya haƙa tushe sai ya dawo. Kwanaki suka yi ta tafiya, azumi ya raba tsakiya. Tubali na nan zube a rana. Kullum da yamma gabas sai ta haɗe fuska, walƙiya ta riƙa ƙifta ido ta wajen Gololo, iska ta kawo ƙanshin nan, sannan ta watse. Zafi ya ƙaru, irin mai danshi, wanda ke hana numfashi. A bakin rijiya mata suka fara yada magana, wai wata ta jawo mana makara tun ba mu tare ba, yanzu ga shi ruwa zai cinye mana wahala. Inna tana ji, ta ja gugarta ta tafi. Ta rame. Alhaji mai gida kuma har ya sa an kawo farar ƙasa an ajiye a ƙofar ɗakinmu.

Ni ma na sa baki. Na ce, "Da kin yi shiru da yanzu mun kai linta."

Ta ce, "Da mun kai. Miƙo min mafici."

Ran nan muna kwance a gindin tsamiya sai muka hango keke yana tahowa cikin kawalwalniya, kamar a kan ruwa yake tafiya. Malam Bitrus ne, ya jiƙe sharkaf da gumi. Tun bai sauka ba yake cewa, "An sa! Oga ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa ganin hanyar da makara ta auna ba, amma ya sa hannu!"

Aka ce gayya. Mai unguwa ya ce a fara da masu fita daga haya, a sa na Inna a ciki. Ɗaki ɗaya, zagayayye, don shi ya fi sauri. Mu masu azumi mu yi daga asuba zuwa hantsi, in rana ta kwantar da mu sai Malam Bitrus da 'yan cocinsu su karɓa, su ne jigilar ruwa da miƙa tubali. Yana jin kunyar shan ruwa a gabanmu, sai ya zagaya bayan bango. Inna ta kama shi ta ce, "Sha abinka a nan, ɗan nan. In ka faɗi wa zai auna mana sauran?" Da la'asar sakaliya mu sake tashi. Bango yana hawa layi-layi, kowane sai an jira ya sha iska, ido yana kan gabas. Duk tsawon layin katangu suka fara miƙewa hagu da dama. Baffa Buba ya kawo shuci, ciyawar rufi, daga fadama, ya zauna a inuwar tsamiya da mutanensa suna ɗaura tankar rufi, suna yanta ciyawar, suna baibaye jinkar a ƙasa.

Ana saura kaɗan sallah hadarin gaske ya taso. Da la'asar ne. Gari ya yi tsit, kaji suka shige, gabas ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Bangon Inna bai gama bushewa ba, jinka kuma tana can gindin tsamiya.

Baffa Buba ya ƙwala ihu, "Ku fito! Ɗakin baiwata zai narke!"

Ban san daga ina mutane suka ɓullo ba. Muka kewaye jinkar, muka shige ƙarƙashi, aka ce bismillah, ta tashi. A ciki duhu ne da ƙanshin ciyawa, ba ka ganin komai sai ƙafafu. Ga ƙafar mai ga-ruwa, ga takalmin Malam Bitrus, ga ta mutumin da ya yi faɗan filinsa. Wanda ya gani daga waje ya ce kamar wata ƙatuwar malfa ce ta yi ƙafafu take tafiya a kan layi. Iska tana neman ƙwace ta, muna rangaji. Baffa Buba yana gaba yana ja mana baki, "Dama! Hagu! Ku bi muryata, makafin Allah!" Gefen jinkar yana wucewa tsakanin sababbin katangu, ko gogawa bai yi ba. Muka zo kwana, ta juya a hankali, ta bi ta kan shagona. Ɗigon farko ya faɗo kamar jifa. Aka ce, "Sama!" muka ɗaga da sanduna da kafaɗu, ta zauna a kan bango daram.

Sai sama ta ɓalle.

Muka cunkusu a ɗakin, iya waɗanda ya ɗauka, sauran suka tsaya a waje suna dariya, ruwa yana dukansu, suna rufe baki kada ya shiga. Ta ƙofa nake hango tubalin shagona suna narkewa, suna komawa tudun laka. Ban ji komai ba, wallahi, gajiya ta fi ƙarfin baƙin ciki. Inna tana zaune a ƙasa, ta jingina da ɗanyen bango, tana kallon rufin. Ko ɗigo. Da aka kira magariba ba kunu, ba dabino, duk suna can cikin gari. Ta miƙa hannu bakin jinka, ta tari ruwan da ke zuba, ja-ja da shi saboda sabuwar ciyawa, ta sha. Ta sake tara ta miƙo min.

"Sha, kai wannan. Na gidanmu ne."

Bayan sallah muka tare. A kan tudun lakar nan na kwana Inna ta sa na dasa maina, kowa ma ya dasa a ƙofarsa, aka kewaye da ƙaya saboda awaki. Yara suka sa wa wurin Layin Makara, manya suka hana, suka ce Layin Inuwa, alhali ko inuwar kaza babu a lokacin. Ni kuwa ƙafata ba ta daina ƙaiƙayi ba. Kafin kaka na gudu Kano, daga nan Jos, har Ikko na taɓa. Amma duk garin da na shiga, in na ga lungu sai in tsinci kaina ina auna shi da ido, ina juya makara a kwana.

Titin motar can har yau ba a sa masa kwalta ba. Yanzu da mai ya ɓace, masu motar ma sun rufe su da tamfol, sun kakkaɓe kekunansu. Layinmu ne ya cika, amalanke, kura, keke, yara, tsofaffi masu zuwa niƙa, kowa a inuwa. Ina nan zaune ɗan Baffa Buba ya wuce da bijimai, ya ce, "Bawanmu, yau ma jakin ƙarfen bai ci abinci ba?"

Bara, wajen wannan lokacin, Inna ta rasu, a ɗakin nan nata. Allah ya sa ina gari. Ni ne a gaba ta dama. Muka fito daga ƙofa, muka zo kwana, a gindin bishiyar nan da nake zaune. Wani amalanke yana tahowa da itace, mai shi ya ja shanunsa ya tsaya don girmamawa, ko da yake da wurin da zai wuce. Na ƙanƙame hannun makarar, kunnena yana jiran wata murya. Muka juya. Ba wanda ya ce komai sai salati. A miƙe ta tafi, inuwar ganye tana wasa a kan likkafaninta har ƙarshen layi.

Ga shi an fara yayyafi. Bari in tura babur ɗin nan in shiga da shi, kada ya jiƙe.